Nehemiya Mai Hoto da Majinyacin da Ba Ya Godiya

Nehemiya Mai Hoto ba mutum ne da aka sani da shiru ba. Duk wanda ya zauna a Bagama a shekarun baya ya san muryarsa tun kafin ya san fuskarsa. Kana bakin titi za ka jiyo shi daga cikin shago yana ba mutane umarni: "Ɗaga haɓa! Hajiya, daina ƙifta ido! Kai mai jar hula, matso ciki, ko so kake hoton ya fito babu kunnenka ɗaya?"

Daga wajen Kafancan ya zo Suleja yana saurayi, lokacin da ake ta gine-ginen Abuja. Ya koyi aiki a hannun wani Bayarabe mai suna Akinola, daga baya ya buɗe nasa shagon. Biki, suna, yaye ɗalibai, fasfo na masu neman aiki, duk shi ake kira. Da wannan sana'a ya auri Lidiya, malamar firamare, ya gina ɗan gidansu, ya kai 'ya'yansu biyu, Markus da Hauwa, har suka gama makaranta suka kama gabansu.

Sai waya ta zo. Da farko dariya yake yi wa masu ɗaukar hoto da ita, yana cewa wasan yara ne. Sannu a hankali ya zamana ya je biki ya tarar kowa ya ɗaga tasa, babu mai waiwayarsa. Bayan kullen korona shagon bai sake farfaɗowa ba. Ya yi ta buɗewa yana share ƙura yana zama, har ranar da ya miƙa wa mai shagon makulli, aka mayar da wurin gidan cajin waya.

Daga nan Nehemiya ya shiga ɗaki. Ba wani ciwo ne ya kwantar da shi ba, kawai ya daina. Ya daina zuwa coci, ya daina zama da abokansa a wajen mai shayi, wanka ma sai Lidiya ta yi ta magana. Ta tafi makaranta ta bar shi a kujera, ta dawo ta same shi a kujerar, abincin da ta rufe masa yana nan yadda ta bar shi. In ta ce, "Baban Markus, me ke damunka?" sai ya ce, "Ba komai." Markus ya kira daga Legas ya ƙi ɗauka. Abin da ya fi tayar wa Lidiya hankali shi ne ko faɗa ya daina yi. Mutumin da a da kan yi surutu a kan tsintsiyar da aka jingine ba daidai ba, yanzu ko akuya ta shigo ta zubar da gari kallonta kawai yake yi.

Da kyar ita da Hauwa suka ja shi zuwa wajen likita. Likitan ya saurare su, ya yi masa tambayoyi, ya ce ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ƙara da cewa a samo masa abin da zai riƙa fitar da shi daga gida. Maganin ya sa yana samun barci, yana ɗan taɓa abinci. Fita kuwa, ko ƙofar gida.

Akwai wata nas da ke haya a maƙwabtansu, Sista Oluchi, tana aiki a ɗakin maza na wani asibiti a cikin gari. Wata rana da yamma ta shigo karɓar garwashi, ta tsaya tana yi wa Lidiya ƙorafin aiki. Ta ce an kawo musu wani direban babbar mota da ya yi hatsari a wajen Lambata, cinyarsa ta karye, kuma ba shi da kowa. Mai motar ya zo ya biya na aiki ya ɓace. Babu mai kawo masa abinci, babu mai ɗauke masa fo.

"Mu ba mu da yawa, Momi," in ji ta. "Ni kaɗai da ɗaki cike da maza. Majinyacin da ba shi da mai jinya, wallahi yana shan wuya."

Washegari Lidiya ta tuƙa tuwo, ta zuba a kula, ta dire a gaban mijinta.

"Ka kai wa Oluchi wannan a asibiti. Ina da taron iyaye a makaranta."

"Ki aiki wani."

"Wa zan aika? Na riga na yi mata alkawari. In ba ka kai ba sai ya lalace, mutumin kuma ya wuni da yunwa."

Ta fice ba ta jira amsa ba. Nehemiya ya daɗe yana kallon kular. Shi kansa bai san abin da ya tashe shi ba, wataƙila dai tunanin surutun da za ta yi in ta dawo. Ya sa riga, ya tari Keke Napep.

Niyyarsa ya miƙa kular a bakin ƙofa ya juya. Amma Oluchi na tsakiyar wanke wa wani ciwo, ta nuna masa gadon ƙarshe da haɓa. A kan gadon wani dattijo ne siriri mai furfurar gemu, an rataye ƙafarsa da igiya da wani ƙarfe mai nauyi. Sunansa Bamalli, mutumin Zariya. Ya kalli Nehemiya daga sama har ƙasa.

"Kai ne sabon mai shara?"

"Abinci aka aiko ni in kawo maka."

Bamalli ya sa ya ɗaga shi, ya buɗe kular, ya ɗanɗana miyar, ya taɓe baki. "Wa ya dafa wannan? Kuka ce ko ruwan wanki? Kuma tuwon ya yi sanyi. A ƙafa ka zo?" Ya cinye tas duk da haka, ya tura kular gefe, ya ce, "Miƙo min fo ɗin nan da ke ƙarƙashin gado. Yi sauri mana, ka tsaya kana kallona kamar an dasa ka."

Nehemiya ya miƙa. Ya kuma ɗauka ya kai banɗaki ya zubar, don babu wanda zai yi in ba shi ba. Da ya dawo ko sannu bai samu ba, sai ma tambaya a kan me ya sa ya daɗe.

Da Lidiya ta dawo gida ta same shi a tsakar gida a tsaye, yana kai da kawowa.

"Wannan mutumin da kika aike ni wurinsa, ba shi da tarbiyya! Wai miyarki ruwan wanki! Ni, da girmana, in ɗauke masa fo, ya ce na daɗe? Shi ya sa ba shi da kowa! Wa zai zauna da irin wannan?"

Ya yi ta yi har Lidiya ta gama hura wuta. Ta shige kicin ta zauna a kan turmi, ta rufe bakinta da gefen zane, hawaye na zubo mata. Ta manta rabon da ta ji muryar nan a gidan.

"To gobe sai in nemi wani ya kai," in ji ta da ta fito.

"A'a. Ni zan kai. Akwai maganar da zan gaya masa."

Bai gaya masa maganar ba, domin da isarsa ya tarar ana neman wanda zai bi layin karɓar magani. Ya bi layin, aka ce katin ba sa hannu, ya koma, aka ce mai sa hannun ya fita. Rana ta take kafin ya samo maganin. Bamalli ya ce da kunkuru aka aika da tuni ya dawo.

Haka abin ya zama aikin kullum. Da safe Nehemiya ya ɗauki kula ya tafi. Ya goge wa Bamalli jiki da tsumma da ruwan ɗumi, ya juya shi gwargwadon yadda igiyar ta bari don kada bayansa ya sale, ya wanke masa riga ya shanya a waya. Bamalli ba ya iya tashi alwala, sai ya ce a samo masa ƙasa mai tsabta ya riƙa taimama. Nehemiya, wanda bai taɓa jin kalmar ba sai da wani majinyaci ya yi masa bayani, ya ɗebo yashi a faranti daga bayan asibiti. Bamalli ya sunsuna ya ce daga bakin kwata aka ɗebo. Sai da ya je har inda ake wani gini ya roƙo yashi mai kyau. Wannan kuma aka ce ya cika tsakuwa.

Ba Bamalli kaɗai ke ba shi haushi ba. Masu jinyar sauran gadaje sun ɗauka ma'aikaci ne, kowa sai ya ƙwala masa kira: "Baba, ɗan sayo mana ruwa." Maigadi kan tsare shi a ƙofa ya ce lokacin ziyara bai yi ba, alhali jiya ma shi ya buɗe masa. A unguwa wasu suka ce biyansa ake yi a ɓoye, wasu suka ce so yake ya ja dattijon zuwa coci. Zumuntar maza ta cocinsu kuwa, da suka ji labari, sai suka zo wata Lahadi da riguna iri ɗaya, shugabansu Stanley a gaba. Suka yi waƙa, suka ajiye sabulu da burodi, suka jeru a bakin gadon kowa ya ɗaga waya. Nehemiya ya ja Stanley gefe.

"Ku da yawa haka, ko mutum ɗaya ba zai riƙa karɓata ranar Laraba ba? In ɗan huta."

"Za mu tattauna a taro, Dattijo. Allah ya ƙara maka ƙarfi."

Ba a tattauna ba. Hoton dai ya zaga wayoyin 'yan coci, an yanke rabin fuskar Bamalli, haske kuma ya ƙone sauran. Nehemiya ya kwana biyu yana mitar wannan hoton.

Kullum ya dawo gida sai ya rantse gobe ba zai koma ba. Kullum kuma gari na wayewa shi ke tambayar Lidiya ko tuwon ya nuna. Yana dawowa da yunwa, ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ya soma aske gemu, wai kada nas-nas su raina shi. Markus ya kira, ya ɗauka, ya cika masa kunne da labarin rashin mutuncin Bamalli har katin yaron ya ƙare.

Rikicin ya zo ne wata ranar Alhamis. Nehemiya ya makara saboda cunkoso a hanyar kasuwa, Bamalli kuma ya kwana da zafin ƙafa. Yana shigowa dattijon ya hau shi da faɗa. Nehemiya ya ce shi fa ba bawansa ba ne, taimako yake yi. Bamalli ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Taimako? Kai da ba ka da aikin yi? An gaya min ai. Matarka ke ciyar da kai, ta gaji da ganinka a gida ta turo ka nan. Ni kake taimako ko kanka?"

Nehemiya ya ajiye tsumman da ke hannunsa a bakin gado, ya ɗauki hularsa, ya fita. Oluchi ta biyo shi har baranda tana "Dadi, Dadi, abeg," bai waiwaya ba.

Ya koma kujerarsa. Rana ta farko yana huci, yana tsara amsoshin da ya kamata ya mayar. Rana ta biyu hucin ya tafi. Zuwa ta uku sai ya ji abin nan ya dawo, nauyin da ke danne masa ƙirji tun daga farkawa, wanda ke sa ɗaga hannu zuwa kofin ruwa ya zama aiki. A da bai san lokacin da abin ya shige shi ba. Wannan karon yana kallonsa yana zuwa, kuma ya tsorata. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne maganar Bamalli ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Lidiya ba ta roƙe shi ya koma ba. Ta ci gaba da ba Oluchi kular tana tafiya da ita. Sai a ƙarshen mako, suna zaune, ta ce, "Oluchi ta ce bayansa ya fara salewa. Babu mai juya shi."

"Ina ruwana."

Ranar Litinin ya riga ta tashi.

Ya sami Bamalli ya rame, ɗakin na warin da bai bari ya yi ba a da. Dattijon ya kalle shi, ya kawar da kai wajen taga.

"Ka tafi min da cokali," in ji shi.

"Ban tafi da cokalinka ba. Juya in ga bayan."

Ba wanda ya ba wani haƙuri. Amma ranar, yana shafa masa magani a baya, Bamalli ya yi magana fuskarsa na kallon bango. Ya ce yana da mata da 'ya'ya a Zariya. Ya bar su tun yaran na ƙanana, ya bi hanya, Legas, Fatakwal, Maiduguri, yana aike lokacin da ya ga dama, daga baya ya daina. Matar ta rasu bai je ba. Babban ɗansa Nuhu yana gyaran babura a Sabon Gari.

"Kada ka neme shi. Ba zai zo ba. Ni ma da ni ne ba zan zo ba."

Nehemiya bai bi wannan maganar ba. Ya hau mota zuwa Gauraka, inda direbobin manyan motoci ke tsayawa cin abinci, ya bi su rumfa rumfa yana tambayar wanda ya san Bamalli na Zariya. Wasu suka ce ba su san shi ba, wasu suka san shi suka ce Allah ya ƙara. Sai da ya yi sawu uku kafin wani bakanike ya haɗa shi da wani direba, direban ya samo masa lambar Nuhu. Ya kira, Nuhu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba ni da uba," ya kashe. Nehemiya ya sake kira washegari. Ya sake kira jibi. Ya yi masa faɗa, ya lallashe shi, ya sake yi masa faɗa, har Nuhu ya ce, "Baba, kai wai mene ne naka a ciki?" Nehemiya ya ce, "Ni ke ɗauke masa fo, shi ne nawa a ciki."

Makonni suka wuce. Aka sauke ƙafar daga igiya, Bamalli ya fara takawa da sanduna, Nehemiya na riƙe da ƙugunsa yana shan zagi a kan ya cika ja ko ya cika saki. Nuhu bai ce zai zo ba, bai kuma ce ba zai zo ba.

Wata safiya Nehemiya ya shigo da kula ya tarar an cire zanen gadon ƙarshe, katifar roba kawai ke sheƙi. Oluchi ta taho da sauri.

"Ba mutuwa ya yi ba, Dadi. Ɗansa ya zo da sassafe da mota, likita ya sallame su. Sun ce suna so su kama hanya kafin rana."

"Ya bar saƙo?"

"Ya ce a gaya maka farantin yashin naka ne, ka ɗauka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Nehemiya ya tsaya riƙe da kula a tsakiyar ɗaki. Wata da watanni yana wanke mutum, ya nemo masa ɗan da ya yasar, a ce ko jiran isowarsa ba za a yi ba? Ya kira lambar Nuhu, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya faɗi maganganu a ɗakin nan waɗanda bai kamata dattijon coci ya faɗa ba, majinyata na ta ba shi haƙuri. Da ya gaji ya zauna a kan katifar. Wani tsoho a gado na kusa, wanda aka kawo kwana biyu da suka wuce da ciwon suga kuma babu wanda ya leƙo shi, yana ta kallon kular. Nehemiya ya lura. Ya yi tsaki, ya buɗe, ya miƙa masa.

"Ci. Amma kada ka saba, daga yau na gama da asibitin nan."

Bai gama ba. Yau shekara ta biyu ke nan yana zuwa. Bamalli bai taɓa kira ba. Nuhu ne ya turo gajeren saƙo da wata Sallah, cewa tsohon na takawa da sanda ɗaya, kuma ya hana kowa sakat a gidan. Majinyatan da suka biyo baya wasu sun yi godiya har da kuka, wasu sun rasu a hannunsa, wani ya warke ya tafi masa da bokiti. Likitan Nehemiya ya rage masa magani amma bai ce ya daina ba. Har yanzu akwai ranakun da nauyin kan dawo, ya wuni a kujera. Bambancin shi ne yanzu ya san da gari ya waye akwai wanda ke jiran a juya shi, kuma in bai je ba babu mai zuwa.

Wannan rashin mai zuwan shi ne babban ciwon ransa a yanzu. Ya bi tsofaffin abokansa na wajen mai shayi, 'yan fansho da waɗanda kasuwa ta karye musu, yana ce musu zaman nan da suke yi shi ke cinye su. Kowa ya ce gaskiya ne, ranar Asabar zai zo. Asabar ta yi, shi kaɗai. Ya yi magana a coci, ya je ya sami limamin masallacin unguwa, kowa ya yaba, aka yi masa addu'a. Mutum ɗaya ne ya taɓa amsawa, Femi, tsohon tela da idonsa ya fara rauni. Ya zo, ya ga fo, ya ce zai je ya sayo ruwa, bai dawo ba.

Kwanan baya Nehemiya ya hango shi a bakin kasuwa yana ƙoƙarin ɓuya a bayan mai lemo. Ya tsallaka titi ya kama masa hannun riga.

"Femi, ruwan da ka tafi saya, har yanzu ana ɗebowa ne?"

"Wallahi Mai Hoto, zuciyata ce ba ta iya ɗauka. Warin nan..."

"Tawa ce aka ce maka tana ɗauka? Ba sai ka taɓa fo ba. Akwai wani yaro ɗan Binuwai da injin niƙa ya cinye wa hannu, ba ya magana da kowa. Zama kawai za ka yi kusa da shi, ka yi masa surutun nan naka."

"To, zan duba. Wataƙila Asabar."

"Ba Asabar ba. Yanzu. Riƙe min kular nan, hannuna ya gaji."

Femi ya karɓa don ba shi da yadda zai yi. Nehemiya ya ɗaga hannu ya tsayar da Keke, ya tura shi ciki, ya shiga ya toshe ƙofar da jikinsa. Suna tafe Femi na cewa bai gaya wa matarsa ba, Nehemiya kuma na yi wa mai Keken faɗa a kan ya bi ta hanyar da ta fi cunkoso.